Makoki, Sake Aure da Riƙon Ɗan Wani a Cikin Finafinan Indiya na Dauri

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinan Indiya na harshen Hindi, watau waɗanda ake shiryawa a birnin Bambai, wanda aka sake wa suna Mumbai a 1995, zai lura da wani abu da yake yawan dawowa a allo. Wannan abu kuwa shi ne hoton mamaci rataye a bangon ɗaki, an zagaye shi da sarƙar furanni, a ƙarƙashinsa kuma ga 'yar fitila tana ci. A gaban wannan hoto ake kuka, a gabansa ake shawara, kuma a gabansa ake yanke hukunci a kan waɗanda aka bari a duniya. Ke nan a waɗannan finafinai mutuwa ba ta fitar da mutum daga gidansa.

Manufar wannan takarda ita ce mu duba yadda finafinan da aka yi tsakanin 1937 da 1983 suka sarrafa jigogi uku masu maƙwabtaka da juna: makoki, da sake aure bayan mutuwar miji ko mata, da kuma zaman gidan da ya haɗa 'ya'yan da ba uwarsu ɗaya ba ko ba ubansu ɗaya ba. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, a cikin waɗannan labarai soyayya ita kaɗai ba ta isa ta halatta aure na biyu. Dole ne a sami izini daga wani, kuma masu ba da iznin su uku ne: yaro, da dattijon gida, da shi mamacin kansa. Za mu ga cewa namiji yakan sami wannan izini a arha, mace kuwa sai ta biya da tsada, wani lokaci ma ta biya amma ba a ba ta ba.

2.0 Doka da Al'ada

Kafin mu shiga cikin finafinan, ya kamata mu san ƙasar da suka tsiro a kanta. A 1829 gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ta haramta al'adar ƙona mace tare da gawar mijinta, bayan fafutikar masu gyara irin su Ram Mohan Roy. A 1856 aka kafa dokar da ta halatta wa matar mamaci mabiyar addinin Hindu ta sake aure, wadda malamin nan na ƙasar Bengal, Ishwar Chandra Vidyasagar, ya tsaya kai da fata har aka yi ta. Amma dokar ta zo da sharaɗi mai nauyi, domin duk matar da ta sake aure ta yi asarar abin da ta gada daga dukiyar mijinta na fari. Bayan samun 'yancin kai, dokar aure ta 1955 ta hana mabiya Hindu auren mace fiye da ɗaya, sannan dokar gado ta 1956 ta mallaka wa mace abin da ta gada mallaka cikakkiya.

Abin lura a nan shi ne, hana matar mamaci sake aure al'ada ce da ta fi ƙarfi a cikin manyan dangogi, watau gidajen malaman addini da na masu ƙasa da na attajirai. A cikin manoma da yawa, musamman a yankin Panjab, an saba ƙanin miji ya auri matar wansa, kamar yadda aka nuna a fim ɗin Ek Chadar Maili Si na 1986. Saboda haka ba haɗari ba ne da muke ganin yawancin matan da za mu yi magana a kansu suna zaune a manyan gidajen masu ƙasa. Doka ta buɗe ƙofa tun 1856, amma martabar gida ta ci gaba da tsaron bakin ƙofar, kuma a wannan tsakani ne masu shirya fim suka sami labaransu.

3.0 Tufafin Makoki

Fim sana'ar ido ce, don haka makoki a cikinsa sai an gan shi a jiki. Matar aure a al'adar Hindu tana da alamu sanannu: jan gari da take shafawa a tsagar gashinta, da sarƙar aure mai baƙaƙen duwatsu, da awarwaro na gilashi, da tufafi masu launi. Ranar da miji ya mutu sai a goge jan garin, a fasa awarwaron, a sa mata farin sari. Mai kallo ba ya bukatar a gaya masa kome, farin ya riga ya yi magana.

Namiji kuwa ba shi da irin wannan tufa. Idan matarsa ta mutu, akan nuna shi da ƙasumbar kwana biyu, ko yana zaune shiru a gaban hotonta, ko yana fama da ɗaure wa 'yarsa gashi. Makokinsa ciwo ne mai neman magani, kuma labarin zai kawo maganin. Makokin mace kuwa matsayi ne da aka naɗa ta a kai, ba a kuma yanka masa ranar ƙarewa ba. Daga wannan bambanci na tufafi duk sauran bambance-bambancen suka taso.

4.0 Idan Mata Ta Mutu

Bari mu fara da Duniya Na Mane, wanda V. Shantaram ya shirya a 1937. Wani tsohon lauya, Kakasaheb, matarsa ta rasu, sai aka aura masa wata marainiya mai suna Nirmala, wadda ba ta girmi 'yarsa ba. Babu wanda ya tambayi tsohon dalili, domin a wurin jama'a gidan da babu mace dalili ne da ya isa. Amma a cikin gidan nan akwai 'yarsa Sushila, ita ma mijinta ya mutu, kuma babu mai zancen aurenta. Shantaram ya ajiye uba da 'ya a ƙarƙashin rufi ɗaya, rashi iri ɗaya ya same su, hukunci kuwa daban. Nirmala ta ƙi yarda ta zama matar tsohon a zahiri. Daga ƙarshe ya gane zaluncin da ya yi, ya kashe kansa, ya bar mata wasiyya cewa ta sake aure. A nan muka fara cin karo da izni daga bakin mamaci, kuma sai da miji ya ba da ransa kafin iznin ya samu.

Bayan shekara ashirin da shida, B. R. Chopra ya fito da Gumrah a 1963. A nan an sami hujjar da ta fi ta Kakasaheb karɓuwa, watau yara. Kamla ta rasu ta bar 'ya'ya biyu. Ƙanwarta Meena tana son wani saurayi mai zane da waƙa, Rajendra, amma tsoron kada baƙuwar matar uba ta wulaƙanta 'ya'yan yayarta ya sa ta auri mijin yayar, lauya Ashok. Hausawa kan ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki, to a nan ƙanwar uwa aka mayar uwa. Mu lura da wanda ya biya kuɗin wannan gyara. Ashok ya yi rashin mata ya sami mata, yara sun yi rashin uwa sun sami uwa, Meena kaɗai ce ta yi rashi ba a maye mata gurbi ba. Da ta ci gaba da ganawa da Rajendra a ɓoye, sai wata mata ta riƙa karɓar kuɗi a hannunta da barazanar tona asiri, daga baya ta bayyana cewa mijin ne ya shirya abin don ya dawo da ita kan hanya. A ƙarshe Meena ta rufe wa Rajendra ƙofa. Fim ɗin ya kira ta ɓatacciya, domin ma'anar sunansa ke nan, bai kuwa tsaya ya tambayi wanda ya ɓatar da ita ba. Wannan zubi na a ba mijin ya ƙanwarta saboda jariri ya sake fitowa a Nadiya Ke Paar na 1982 da Hum Aapke Hain Koun na 1994, sai dai a waɗannan biyun an ceci ƙanwar kafin a ɗaura.

5.0 Idan Miji Ya Mutu

5.1 Hanyoyin Kaucewa

Idan muka juya wajen mata, za mu tarar da cewa finafinai da yawa sukan kusanci zancen sake aure sannan su kauce. Mun gano hanyoyi uku na wannan kaucewa.

Hanya ta farko ita ce a ɗaukaka matar har ta wuce aure. A Mother India na Mehboob Khan, 1957, mijin Radha ya rasa hannuwansa biyu, kunya ta sa ya bar gida bai sake dawowa ba. Namijin da ya neme ta bayan haka shi ne mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, kuma nemansa cin mutunci ne. Saboda haka ƙin wani namiji ya zama daidai da tsare mutunci, har Radha ta zama uwar ƙauye duka. A Aradhana na Shakti Samanta, 1969, Vandana ta yi auren ɓoye da wani matuƙin jirgin yaƙi, ya mutu, ta zama mai rainon ɗan da ta haifa a gidan waɗanda suka ɗauke shi riƙo, ta yi zaman kurkuku dominsa. Ladanta shi ne ɗan ya kira ta uwa a bainar jama'a bayan ta tsufa. A finafinan nan biyu an ba mace girma a madadin rayuwa.

Hanya ta biyu ita ce a nuna cewa matar ba matar mamaci ba ce tun asali. Kati Patang na 1971, shi ma na Shakti Samanta, shi ne babban misali. Madhavi ta gudu ranar aurenta, ta haɗu da ƙawarta Poonam wadda mijinta ya mutu ya bar ta da jariri. Jirgin ƙasa ya yi haɗari da su, Poonam ta roƙe ta kafin ta cika da ta ɗauki sunanta da ɗanta ta tafi gidan surukai, waɗanda ba su taɓa ganin matar ɗansu ba. Mai kallo ya shafe sa'o'i yana tausayin mace mai farin sari, yana murna da Kamal ya jawo ta cikin bikin watsa launuka, yana jin daɗi da surukin ya yarda ta sake aure. Amma tun farko an sanar da mai kallon cewa budurwa ce, daga baya ma ta tabbata Kamal ne angon da ta guje wa. Ke nan an sayar wa mai kallo jin daɗin goyon bayan gyara ba tare da an taɓa al'adar ba.

Hanya ta uku ita ce a kashe mai neman auren. A Sholay na Ramesh Sippy, 1975, Radha surukar Thakur ce, wadda ɗan fashi Gabbar Singh ya kashe mijinta tare da sauran mutanen gidan. An nuna mana ita a da, yarinya mai surutu da son launi, sannan ga ta yanzu cikin fari, ba ta magana. Kowace magariba tana bin baranda tana rage fitilu ɗaya bayan ɗaya, Jai kuma yana zaune daga ƙasa yana busa 'yar sarewar baki. Babu wata soyayya a finafinan wancan zamani da aka gina da ƙarancin kalmomi kamar wannan. Thakur da kansa ya tafi wurin mahaifinta ya nemi yardarsa, aka yarda. Izni ya samu daga dattawa biyu, sai labarin ya kashe Jai a kan gada, Radha ta rufe tagarta. Ana iya cewa mutuwar Jai ta taso ne daga jigon abota, kuma haka ne. Amma abokan biyu ne, aka bar mai neman budurwa, aka ɗauke mai neman matar mamaci.

5.2 Masu Fuskantar Al'amarin

Akwai finafinan da ba su kauce ba. B. R. Chopra, shekara bakwai kafin Gumrah, ya shirya Ek Hi Raasta a 1956, daidai shekara ɗari bayan dokar Vidyasagar. Meena Kumari ta fito a matsayin Malti, wadda aka kashe mijinta Amar ya bar ta da ɗa ƙarami. Maigidan Amar a wurin aiki, Prakash, ya riƙa taimakonta, jama'a suka sa su a bakin duniya, sai ya aure ta. Muhimmancin fim ɗin shi ne bai ƙare a ɗaurin aure ba. Ya bi su cikin gida ya nuna cewa bayan an gama da maƙwabta akwai sauran alƙali, watau yaron, wanda ya ƙi karɓar wani a gurbin ubansa. Auren bai zauna ba sai da yaron ya sauko. Duk da haka, mu lura da hujjar da aka kafa auren a kanta, wadda ita ce kare Malti daga tsegumi da mugayen maza. Sunan fim ɗin ma yana nufin hanya ɗaya tak, watau an aurar da ita ne domin babu wata mafita.

Raj Kapoor ya fi kowa ɗaga murya a Prem Rog na 1982. Manorama 'yar gidan masu ƙasa ce, mijinta ya mutu a haɗarin mota kwanaki kaɗan bayan biki. Aka yi yunƙurin aske mata kai, wan mijinta ya yi mata fyaɗe, ta koma gidan iyayenta inda aka ware ta daga jin daɗin gida. Devdhar, maraya talaka da ya tashi tare da ita, ya tsaya sai ya aure ta, kuma babban dattijon gidan, wanda Shammi Kapoor ya fito a matsayinsa, ya sauya ra'ayi ya goyi bayansa. Fim ɗin ya kai ga aure bayan wuta da zubar da jini. Ƙarfinsa shi ne ya tona munafuncin mazan da suke tsare al'ada da rana su keta ta da dare. Rauninsa kuwa shi ne yawan abin da ya ɗora wa yarinyar kafin ya ga ta cancanta: ƙuruciya, da gajeren aure, da fyaɗe, da ƙunci. Kamar dai ana gaya wa mai kallo cewa wannan ta sha wuyar da ta isa, a yi mata afuwa. To, matar da ta yi shekara goma da mijinta cikin jin daɗi, ya mutu, ta ga wani tana so fa? Prem Rog bai amsa wannan ba.

6.0 Gida Ɗaya, Jini Biyu

A adabin Indiya akwai tsofaffin siffofi biyu na macen da take riƙon ɗan da ba ta haifa ba. Akwai Kaikeyi ta labarin Ramayana, wadda ta sa aka kori Rama daji shekara goma sha huɗu domin ɗanta Bharata ya hau gado. Akwai kuma Yashoda, wadda ta reni Krishna alhali Devaki ce ta haife shi. Kowace matar uba a fim tana tsakanin waɗannan biyu. Tsoron Kaikeyi ne ya sa Meena ta sadaukar da kanta a Gumrah. A Do Raaste na Raj Khosla, 1969, an ga ɗaya ɓangaren: matar uba ta riƙe Navendu kamar ɗanta, shi kuma bayan mutuwar uban ya ɗauki nauyin ƙannensa 'yan uba har ya talauce, kuma ɓarakar da ta shigo gidan ba daga matar uban ta fito ba.

Fim ɗin da ya daidaita ma'auni tsakanin namiji da mace shi ne Andaz na 1971, aikin farko na Ramesh Sippy, wanda ya ɗauko ƙashin labarinsa daga fim ɗin Faransa Un homme et une femme na 1966. Ravi matarsa ta mutu ta bar masa 'ya, Sheetal kuma mijinta Raj ya mutu a haɗarin babur ya bar ta da ciki. Ita ce malamar 'yar Ravi a makaranta. Yaran biyu ne suka fara ƙulla zumunci, kowannensu ya ga abin da ya rasa a wurin iyayen ɗayan, manyan suka biyo baya. An ba kowane ɓangare nasa waiwayen, aka nuna mamatan biyu da ransu da dariyarsu, don mai kallo ya san abin da aka rasa. Nan ne muka ga makokin mace da na namiji sun zama abu ɗaya, watau ciwon da mutum biyu za su iya yi wa juna jinya. Amma ko a nan ba a tuhumi Ravi da kome ba, Sheetal ce aka tuhuma, domin aurenta na fari a ɓoye aka yi shi, kuma sai da mahaifin Raj, wanda ya ƙi ta a da, ya dawo ya amsa cewa surukarsa ce sannan hanya ta buɗe.

Basu Chatterjee ya bi wata hanya a Khatta Meetha na 1978. Homi Mistry dattijo ne mai 'ya'ya maza huɗu, Nargis Sethna kuma tana da uku, kowannensu abokin zamansa ya mutu. Suka yi aure don gajiya da kaɗaici da wahalar gida, 'ya'yan suka yi ta rikici a kan wurin kwana da abinci har wuya ta haɗa kansu. Babu farin sari, babu taron dangi, babu wuta. Amma abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne an kai labarin cikin al'ummar Parsi, jikokin mutanen Farisa mabiya tsohon addinin ƙasar, kuma an zuba shi cikin raha. Watau sake auren uwa mai 'ya'ya ya zama abu mai sauƙi ne bayan an fitar da shi daga gidan Hindu.

Wanda ya fi duka zurfi a ganinmu shi ne Masoom na Shekhar Kapur, 1983, wanda Gulzar ya rubuta daga littafin Erich Segal na 1980. A nan babu sake aure. D. K. yana zaune lafiya a Delhi da matarsa Indu da 'ya'ya mata biyu, sai labari ya zo cewa wata mata da ya taɓa tarayya da ita ta rasu ta bar masa ɗa, Rahul. Yaron ya shigo gidan yana makokin uwarsa, bai san mai gidan ubansa ne ba. Indu ita ma makoki take yi, na amanar da ta mutu, kuma fuskar yaron ce kabarin. 'Yan matan suka karɓe shi nan da nan. Ya ƙera wa Indu akwatin awarwaro da hannunsa, ta kasa yi masa godiya. Ya buge yatsa da guduma ya rugo yana kiranta uwa, ta daka masa tsawa. Shabana Azmi ta fito da Indu a matsayin mace mai gaskiya wadda take zaluntar marar laifi tana sane, kuma sanin yana cin ta. A littafin Segal yaron ya koma Faransa, a fim ɗin kuwa Indu ce ta je tashar jirgin ƙasa ta dawo da shi gida. Wannan ne wuri ɗaya a cikin duk misalanmu da mace ta zama mai ba da izini maimakon mai nema. Sai dai kada mu manta, laifin miji aka kawo mata ta yafe. A Kabhi Kabhie na Yash Chopra, 1976, inda matar ce take da 'ya kafin aure, sai da ta ɓoye ta a gidan mijinta da sunan 'yar ɗan'uwa.

7.0 Mai Kallo Bahaushe

Tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa, kuma a Kano an kalle su a gidaje irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba. Brian Larkin ya nuna a 1997 cewa Hausawa sun rungumi waɗannan finafinai ne saboda sun ga matsalolin da suka yi kama da nasu, musamman karon soyayya da ikon iyaye. A kan jigonmu kuwa kamar rabi ce. Bahaushe ya san takaba wata huɗu da kwana goma ce, idan ta cika mace ta yi wanka ta yi ado ta shiga zawarci, kuma babu mai ganin aibinta. Yana da misali daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya auri Ummu Salama tare da marayunta. Saboda haka farin sari na har abada baƙon abu ne a idonsa.

Amma idan aka zo kan yaro, sai baƙuntar ta kau. Muna da kalmar agola, kuma kowa ya san ba kalmar yabo ba ce. Muna da tatsuniyoyin kishiyar uwa da marainiya. A wurinmu sake auren uwa yana da sauƙi, amma sau da yawa sauƙin yana samuwa ne domin an bar yaron wurin kaka ko dangin uba, ko kuwa ya bi uwarsa gidan da zai riƙa cin abinci yana kallon fuskar mai gida. Finafinan Indiya sun tsananta wa uwa fiye da kima, amma sun yi abu ɗaya da ya cancanci manazarta adabinmu su kula da shi: sun tsayar da labari cak har sai an ji ta bakin yaron.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi finafinan Hindi daga Duniya Na Mane zuwa Masoom, mun ga cewa aure na biyu a cikinsu yana rataye ne a kan izni. Namiji yakan same shi da zarar an nuna yaro yana kukan uwa. Mace kuwa ko a ɗaukaka ta har ta wuce aure, ko a mayar da ita budurwa, ko a kashe mai nemanta, ko a wahalar da ita har jama'a su ji kunyar hana ta. Mun kuma ga cewa finafinan da suka fi inganci, watau Ek Hi Raasta da Andaz da Masoom, su ne waɗanda suka gane cewa ɗaurin aure ba shi ne ƙarshen makoki ba, domin yaro yana da nasa mamacin da nasa lokacin sakinsa.

Wannan tsari bai mutu da zamaninsa ba. A Kuch Kuch Hota Hai na 1998 matar da ta mutu ta bar wa 'yarta wasiƙu tana umartar ta ta samo wa uban mata, watau an haɗa iznin mamaci da na yaro a wuri ɗaya. A Baabul na 2006, wanda Ravi Chopra ɗan B. R. Chopra ya shirya shekara hamsin bayan Ek Hi Raasta, suruki ne har yanzu yake yaƙi da danginsa domin matar ɗansa ta sake aure. Muna ganin zai yi amfani a ɗauki wannan ma'auni na izni a gwada shi a kan littattafan soyayya da finafinan Hausa, a duba wa ake tambaya kafin bazawara ta tare, kuma ina ake kai ɗanta.